Baba Rediyo a Tantin Agaji

"...da gajiya kuma? Ya ka baro ƙasa? An ce ka je ka gaishe ta da goshi."

Tsohon ya buɗe ido. Abin da ya fara gani rufin tanti ne, iska tana ɗan kaɗa shi. Sai fanka a tsaye tana juya kai. Sai kuma fuskar da ya fi gudun haɗuwa da ita a duk faɗin birnin nan yau: jikarsa, 'yar babban ɗansa, cikin farar rigar nas, ta ɗora wata 'yar riga mai ƙyalli a samanta, ta riƙe ƙugu.

Ranar ce ta biyu ta babban bikin da birnin yake yi duk shekara a filin wasanni. Rumfuna jere ba iyaka, makaɗa a kan dandamali, ga wani ƙaton lilo mai juyawa da ya fi bene tsawo. Jama'a kuwa, in ka yar da allura ba za ta taɓa ƙasa ba. Baba Rediyo, kamar yadda 'yan layinsu suke kiransa saboda shekara arba'in da ya yi yana gyaran rediyo da lasifika, ya sulale daga gida da hantsi bai gaya wa kowa ba. Ya san jikar tasa a asibiti take aiki. Abin da bai sani ba shi ne an turo su tantin agaji na bikin.

Ya yunƙura ya zauna a kan gadon, ya gyara murya.

"Amarya, wa ya kawo ni nan?"

"Ƙarti huɗu. Biyu daga cikinsu suna can suna neman maganin ciwon baya."

"Ƙarya kike yi. Da ƙafata na zo. Duba ki na zo yi, in ga ko da gaske aiki kike fita ko yawon biki."

"Da ƙafarka? To ina takalminka ɗaya?"

Ya leƙa ƙasa. Ƙafar hagu tana zaune tsirara, ƙura har idon sawu.

"Sadaka na bayar."

"Ƙafa ɗaya?"

"Mai ƙafa ɗaya na gani."

Wata mata da ke gadon gefe, an ɗaure mata gwiwa da bandeji, ta tuntsire da dariya har ta manta ciwonta. Tsohon ya ji daɗin samun 'yar kallo, ya ƙara buɗe kafaɗa.

"Kin gani ko, baiwar Allah? Haka take yi mini. Na auro ta tun tana cikin zanen goyo, na saya mata alewa har haƙoranta suka zube, yau ita ce take yi mini tsiya a gaban mutane."

"Nawa sun sake fitowa," in ji jikar. "Naka fa? Shida suka rage, su ma ba sa ga maciji da juna. Miƙo hannu."

"Na sake ki."

"Na ji. Wannan shi ne na ɗari da uku. Miƙo hannu."

Ta naɗe masa damtse da abin awon jini, ta danna. Abin ya fara kumbura yana matse shi. A waje ganga tana tashi, wani yana ta shela a lasifika cewa mai jar mota ya zo ya janye ta. Tsohon ya karkata kunne.

"Wannan lasifikar tasu ta kusa mutuwa. Kin ji yadda take shaƙewa?"

Idonta yana kan lambobin. Ya ga ta kwance abin, ta koma ɗaya hannun, ta sake dannawa. Shi ya san fuskar nan tun tana rarrafe, kuma bai taɓa ganin ta ta yi shiru haka a gabansa ba.

"Na'urar ce ta lalace," ya ce. "Kawo in buɗe ta. Waya ce ta saki a ciki."

"Ɗari da tamanin da biyar bisa ɗari da goma. Baba, yaushe rabonka da maganin hawan jini?"

"Da safen nan."

"Wane launi ne na safe?"

"Fari."

"Na dare fa?"

"Fari-fari."

"Na safen ruwan hoda ne. Ni na karɓo shi da hannuna."

"To sun canza masa fenti. Kamfanonin nan ba su da amana."

Ta jawo kujerar roba ta zauna daf da shi, ta zuba masa ruwa mai gishiri da sukari a kofi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ko shayi ba ki iya ba. Dubi abin da kike ba mijinki."

"Shanye. Kuma ka gaya mini gaskiya, kafin in kira babana a waya in ce ga mahaifinsa an tsinto a gindin lilo."

Wannan barazanar ta kama shi. Ya shanye ruwan tas, ya juya kofin a hannu yana kallon cikinsa. Wata biyar ke nan da rasuwar matarsa, wadda duk jikoki suke kira Iya. A wata biyar ɗin nan ba wanda ya ji abin da zai faɗa yanzu, kuma da ya sami hanyar da zai mayar da shi wasa, da ya mayar.

"Iya ce take ba ni," ya ce. "Murafun kwalba biyu take da su. Ɗaya ta ajiye kusa da kofin shayina, ɗaya a kan matashi. Ni dai in na gani in watsa a baki. Shekara tara ban taɓa tambayar sunansu ba."

"Bayan ta rasu fa?"

"Na buɗe ledar. Kwalaye huɗu ne, rubutun kamar sawun tururuwa. Na rasa wanne ne na safe, wanne ne na dare, wanne ne ma nata. Sai na ɗaure ledar na mayar saman kwaba."

"Wata biyar?"

"Matar baffanki tana kawo abinci, ta ce, Baba ka sha magani? In ce na sha."

"Kai da kake gane wayar da ta fi gashi siranta a cikin rediyo, kwali huɗu suka gagare ka? Me ya hana ka tambaya?"

"In tambayi wa? Ni da gari guda yake kawo wa kaya in gyara, in fito da leda a hannu in ce yara, ku koya mini shan magani?"

"Gara dai a kwaso ka a bainar jama'a da takalmi ɗaya."

"Wannan ai tsautsayi ne. Kuma faɗuwar tawa ma ta manya ce, a hankali na sauka. Tambayi waɗanda suke wurin."

"Na tambaya. Sun ce kamar buhu."

Rediyon oba-oba da ke maƙale a kafaɗarta ya yi ƙara, wani yana neman a kawo kujerar guragu ƙofa ta uku. Ta miƙa wa wata abokiyar aikinta saƙon, ta dawo. Ta jiƙa auduga tana goge masa ƙujewar da ke goshinsa. Ya ja baya.

"A hankali! Kan mutum ne, ba tukunya ba."

"Tukunya ai tana da amfani. Wai me ma ya kawo ka? Kai da kake cewa biki taron marasa aikin yi ne. Ko budurwa ka yi ba ka gaya mini ba?"

"Uku ma. Duk sun fi ki iya gaisuwa."

"Su ne suka gudu da takalmin?"

Ya kau da kai. Ta ƙofar tantin yana hango saman lilon, yana juyawa a hankali, mutane a cikin 'yan akwatunansa ƙanana kamar ƙwari.

"Shekara goma sha ɗaya Iya tana roƙona," ya ce. "Duk shekara in aka fara kafa rumfuna, sai ta ce, Malam, bana dai a kai ni in hau abin nan, an ce daga sama ana ganin gari duka har unguwarmu. In ce mata, ke, makon bikin nan ne lasifiku suke ƙonewa, makon ne ake layi a shagona, bari sai baɗi. Bara har ɗinki ta yi. Ta saka, ta zo ƙofar shago ta tsaya da jakarta. Ina tsakiyar wani aiki, ban ko ɗaga kai sosai ba. Na ce baɗi, in Allah ya kai mu. Ta ce to. Ta juya ta koma."

Jikar ta daina gogewa.

"Sai na ce bari in je in ga abin da take son gani. Awa ɗaya da rabi ina layi a rana. Saura mutum uku a gabana, sai na ga gari ya yi duhu."

"Ko karyawa ba ka yi ba, na sani."

"Na sha ruwa."

"Sannu, raƙumi."

Ta faɗe shi ne don ya yi dariya, kuma ya ɗan yi. Ta manna masa filasta a goshi, ta danna da yatsa fiye da yadda ake bukata.

Likita ya leƙo, wani dogo mai tabarau. Ya duba takardar da ta rubuta, ya haska idon tsohon, ya sa shi ya ɗaga hannaye biyu, ya matse masa yatsu, ya ce ya faɗi sunan ranar. Sannan ya ba shi ƙwaya ɗaya, ya ce ya huta na rabin awa a sake awo, kuma ko jinin ya sauka ko bai sauka ba, yau sai an kai shi asibiti an duba zuciyarsa. Motar asibitin da ta fita da wani tana dawowa za ta ɗauke shi.

"Yaron nan ya gama makaranta kuwa?" tsohon ya tambaya bayan ya wuce.

"Shi ne ya ce a bar ka da rai, ni na ce a ƙyale ka a can. Tashi, rabin awan nan ba a nan za ka yi shi ba. Gadon ma wani yana jira. Ka ga shuɗin tantin can na kusa da mu?"

"Na gani. Me ake sayarwa?"

"Ba a sayar da komai. Wurin hutawa ne. Akwai kujeru masu laushi, ba hayaniya, akwai ruwan sanyi. Wanda cunkoso ya firgita, ko wanda ɗansa ya ɓace ana nema, ko wanda abin duniya ya taso masa a tsakiyar taro, can ake kai shi. Akwai wata dattijuwa, aikinta ke nan, ta zauna ta saurare ka."

"Ta saurare ni in ce me?"

"Abin da ka gama gaya mini. Da wanda ba ka gaya mini ba."

"Au, tantin masu taɓin hankali za ki kai ni? Ni?"

"Da na masu taɓin hankali ne ai da tuni an ba ka shugabanci. Mutane ne irinka, masu nauyi a ƙirji."

"Ni ƙirjina fayau yake. In surutu nake so, ina da bencin ƙofar shago. Kuma mutumin da aikinsa sauraro kawai, bai gyara komai ba, bai ɗaura komai ba, wannan ai zaman banza ne aka sa masa riga."

"Rediyo ma ai surutu kawai take yi, ka ci abinci da ita shekara arba'in."

"Ba za ni ba. Ke ki je mana, tunda kin san hanya."

"Na je. Jiya."

Ya dube ta. Ta sunkuya tana tattara auduga da ba ta bukatar tattarawa.

"Ke? Me ya same ki? Wani ne ya ce ba ya son ki? Gaya mini sunansa in je in yi masa godiya."

"Baba, ba ka lura tun da aka share makoki ban taka gidanka ba?"

Ya lura. Kullum da yamma sai ya kasa kunne ko zai ji muryarta a zaure tana cewa ina tsohon mijin nan nawa, bai mutu ba dai? Da shiru ya yi yawa, sai ya yanke wa kansa cewa dama don Iya take zuwa, shi kuwa tsohon kaya ne da aka bari a ɗaki. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Na ɗauka kin sami wani mai haƙora ne," ya ce.

"Ranar nan da la'asar Iya ta kira ni a waya. Ta ce ƙirjinta yana mata zafi. Ina tsakiyar ɗakin marasa lafiya, mutum ashirin a kaina, ni kaɗai. Ko minti ɗaya ban ba ta ba. Na ce ƙwannafi ne, Iya, ki sha ruwan ɗumi, gobe zan biyo." Ta murza audugar da ke hannunta. "Da baƙuwa ce ta zo mini da wannan maganar a asibiti, da a guje zan kira likita. Na sani sarai. An koya mini. Amma da yake Iya ce, sai na ce gobe. Kafin goben ta yi an kira ni. Ta yaya zan shiga ɗakin nan in kalle ka?"

Matar da ke gadon gefe ta juya fuskarta bango. Fanka ta ci gaba da juya kai. Tsohon ya daɗe yana kallon jikarsa, yarinyar da ya saba gani da baki kamar reza, yau ga ta tana murza auduga kamar wadda aka kama da sata. Wata biyar yana kwana da nasa shi kaɗai, ashe ita ma tana can tana kwana da nata.

"Ke," ya ce. "Ashe ɓarauniya na aura."

Ta ɗago.

"Laifin nawa ne kike so ki yi mini ƙwace? Lokacin da ta kira ki ina zaune kusa da ita. Ni na dafa ruwan ɗumin da hannuna. Ke murya kawai kika ji daga nesa. Ni ina da ido biyu a kanta, na ga gumi yana karyo mata, na ce zafin gari ne, na ƙara mata fanka. Ta ce ko mu je a duba ni, na ce bari gari ya waye. To wa ya fi wani?"

"Ni ce nas."

"Ni ne miji. Shekara arba'in da bakwai. Ke yaushe aka haife ki?"

"Kai ba a koya maka alamomin ba."

"Ke kuma ba ki ga fuskarta ba. Kada ki ja da ni, yarinya. Ko a rabon gado ma miji yana gaban jika. In rabawa za a yi, kashi mafi tsoka nawa ne, ke ki ɗauki ɗan abin da ya saura ki yi gaba."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye, ta rasa wanda za ta tare. Ta goge fuska da bayan hannu.

"Ko a laifi ma sai ka yi rowa."

"Ai shi ya sa na daɗe." Ya sassauta murya. "Kin san me ta ce da ta ajiye wayar? Ta ce, likitata ta ce in sha ruwan ɗumi. Likitata. Har da gyara zama. Ba ta tafi da fushinki ba, wannan na rantse miki. Nawa ne ban sani ba."

Ba ta ce masa Iya ta yafe ba, shi ma bai nemi ta faɗa ba. Suka zauna haka, kiɗa yana shigowa ta ƙarƙashin tanti.

"Dattijuwar nan," ya ce can, "da kika gaya mata, me ta gyara?"

"Ba ta gyara komai ba. Amma jiya na yi barci."

Ya sosa gemu. Barci kam ya kwana biyu bai san inda yake ba.

"Shekarunta nawa?"

"Za ta yi sittin."

"Tana da miji?"

"Baba!"

"Tambaya ce. Tunda na sake ki ai dole in duba gaba." Ya zuro ƙafafu ƙasa, ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Jiri ya ɗan ɗebe shi, ta riƙe shi gam. "Amma da sharaɗi. Leda tana saman kwaba. Ki zo ki raba mini su da kanki, ba aike ba."

"Zan zo. In kuma na ƙirga na ga ƙwaya ɗaya ta yi saura, allura zan koma yi maka. Babba, irin ta shanu."

"Mugunta dai a jininki take. Ta wajen uwarki kika gado."

Suka fito a hankali, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Rana ta yi sanyi, jama'a sai ƙaruwa suke. A bakin shuɗin tantin ya tsaya, ya gyara zaman hularsa, ya sa hannu a aljihu yana lalube. Ya fito da wata 'yar takarda a ƙudundune, ya tura mata a tafin hannu ba tare da ya kalle ta ba.

Ta warware. 'Yan kunne ne, na rumfar bakin ƙofa, masu ɗan koren dutse, irin waɗanda ruwa ɗaya zai wanke musu ƙyalli.

"Da na shigo na gan su, na ce za su yi wa Iya kyau," ya ce. "Ban taɓa saya mata abu ba sai ta roƙa. Yau na saya da kaina. Sai da mai rumfar ya naɗe ya miƙo mini sannan na tuna ba wanda zan kai wa."

Ta daɗe tana kallon su. An hana su saka irin waɗannan a bakin aiki. Ta zare ƙananan da ke kunnenta ta jefa a aljihu, ta maƙala nasa, ta juya kai hagu da dama.

"Shekara ashirin da shida da aure, sai yau ka fara toshi. Kuma na gwangwani."

"Cire ki ba ni abina."

"Wallahi ko da kotu."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya dafa sandar tantin, haƙoran nan nasa duk a waje, idonsa ya cika da ruwa bai damu ya share ba.

"Kin ci, ja'ira. Na mayar da ke ɗakinki." Ya ɗaga labulen, ya leƙa ciki, ya yi sallama. "Baiwar Allah, an ce ke ce mai sauraro. To gyara zama, yau kin gamu da aiki."